Ina Ya Kamata Direba Ya Tsaya a Alamar STOP da Danja? Tambayoyi da Amsoshi

Kusan kowane mai tuƙi ya san cewa jar wuta tana nufin a tsaya, haka ma jan allon nan mai kusurwa 8 da aka rubuta STOP a kansa. Abin da ba a cika koya wa mai koyon mota ba shi ne wurin da zai yi tsayuwar, domin da yawa daga cikin direbobinmu a hannun ɗan'uwa ko maigida suka koyi tuƙi, a fili ko a bayan gari, inda babu layi kuma babu danja. Sakamakon haka a bayyane yake a manyan mahaɗun Kano, Kaduna da Abuja. Da zarar ja ta kama sai motoci su hau kan layi, masu adaidaita sahu su kewaye motocin su tsaya a gabansu, masu babur su kewaye adaidaita, har sahun gaba ya kusa kai tsakiyar mahaɗa, mai tafiya a ƙasa kuwa ya rasa ta inda zai bi. Tambayoyin da ke tafe sun shafi tuƙi a Nijeriya, inda ake bin hannun dama, kuma an ambaci wasu ƙasashe ne kawai a inda bambancin zai iya ruɗa direba.

Ina ne ainihin wurin tsayawa?

Ana tsayawa ne kafin a kai farin layin nan mai kauri da aka ja a gicciye, wanda ya ratsa hannun da direba yake tafiya a kai tun daga gefen titi har zuwa tsakiyarsa. Layi ne guda wanda bai yanke ba, kuma shi ne iyakar da ƙa'idojin tuƙi na Nijeriya suka ce a jira a kanta, ko a danja ko a alamar STOP. Idan babu wannan layi, sai a tsaya kafin zanen tsallakar masu tafiya a ƙasa, wato faffaɗan zanen fari da baƙi. Idan shi ma babu, sai a tsaya a bakin mahaɗa, kafin gaban mota ya shiga hannun titin da ya gitta, a wurin da direba zai iya ganin abin da ke tahowa ta hagu da ta dama.

Mutane da yawa suna ɗaukar sandar danja ko sandar allon a matsayin ma'auni, alhali ana kafa sanda ne a inda aka samu wurin kafawa. Wani lokaci kwalbati ko turken wutar lantarki ko ƙofar shago ne yake sa a matsar da ita gaba ko baya. Saboda haka, matuƙar akwai layi a kan kwalta, layin ne abin bi.

Wane ɓangare na mota ne bai kamata ya wuce layin ba?

Hancin mota ne, wato bamban gaba. Wasu suna auna layin da tayar gaba, wasu ma da kujerar da suke zaune a kai, sai ka ga rabin mota ya riga ya ƙetare alhali mai ita yana ganin ya tsaya daidai. A ƙaramar mota, hanya mai sauƙi ita ce direba ya tsaya a inda har yanzu yana hango layin ta saman bonet. Barin tazarar mita 1 ko 2 ba laifi ba ne. Tsayawa can baya da tsawon mota biyu kuwa tana da nata aibin, domin tana rage abin da direba yake gani, tana kuma gayyatar wasu su kutsa cikin filin da ya bari.

Me ya sa ake jan layin nesa da bakin mahaɗa, har direba ya ga kamar an ɓata fili?

Wannan fili ba na banza ba ne, kuma duk wanda ya fahimci masu shi zai daina cin sa. Na farko a cikinsu shi ne mai tafiya a ƙasa. Lokacin da ja ta tsayar da motoci shi ne kaɗai lokacin da tsohuwa mai sanda, ko 'yan firamare masu riƙe da hannun juna, ko mai keken guragu, za su iya ƙetare titi mai hannu 3 cikin natsuwa. Idan motoci suka zauna a kan zanen tsallakawa, dole waɗannan mutane su zaɓi ɗaya daga cikin abubuwa biyu masu haɗari: ko su zagaya ta gaba su shiga hannun motocin da aka ba kore, ko su ratsa tsakanin motoci inda babur zai iya fitowa da gudu ba tare da ya gan su ba. Yaro ɗan shekara 6 da ya gitta dab da hancin babbar mota, direban ba zai gan shi ba ko kaɗan.

Na biyu su ne manyan motoci masu shan kwana. Tirela ko tanka ko doguwar bas idan za ta karya kwana, tayoyin bayanta ba sa bin sawun na gaba, suna yanke kwanar ta ciki, kan motar kuma yana buɗewa waje. Shi ya sa a mahaɗun da manyan motoci suke yawan bi ake jan layin da baya sosai, wani lokaci ma layin hannun da ya fi kusa da tsakiyar titi ya fi na sauran ja da baya. Ƙaramar motar da ta cinye wannan fili ita ce take tilasta wa direban tirela ya tsaya a tsakiyar mahaɗa yana jiran a ja baya, kuma daga nan ne cunkoson da zai ɗauki rabin awa yake farawa.

Na uku shi ne direban da kansa. An daidaita tsayin fitilar da fuskarta ne domin wanda ya tsaya kafin layi. Wanda ya wuce ya shige ƙarƙashinta ba ya ganin abin da take nunawa, sai ya koma dogaro da hon ɗin na baya, ko ya riƙa leƙen danjar ɗaya titin yana ƙiyasi. A wasu ƙasashe ma akwai waya da ake binnewa a cikin kwalta dab da layin, wadda take sanar da danja cewa mota tana jira, ta yadda wanda ya wuce ta ko ya tsaya nesa da ita zai daɗe kore bai zo masa ba.

To idan layin ya goge, ko ba a taɓa zana shi ba fa?

Wannan shi ne halin da mahaɗu masu yawa suke ciki a garuruwanmu. Rana da yashi da tayoyi suna cinye fenti cikin ƙanƙanen lokaci, kuma sau da yawa idan aka sake zuba kwalta ba a komawa a zana komai. Gaskiya ne cewa hukumomin da suke kama direbobi da laifin wuce layi suna da nauyin tabbatar da cewa layin yana nan ana ganinsa, kuma bai dace a ci tarar mutum a kan alamar da ba a nuna masa ba. Sai dai rashin fenti bai ɗauke wa direba wajibcin tsayawa a wurin da ya dace ba, domin mai tsallakawa da mai tirela suna nan ko da fenti ko babu.

A irin wannan yanayi ne sandar danja take zama ma'auni. Direba ya tsaya kafin sandar da ke kusa da shi, a inda yake ganin fitilar ba tare da ya sunkuya ko ya ɗaga kai sama ba. Ya kuma lura da inda gefen titi ya fara lanƙwasa zuwa ɗaya titin, domin daga nan mahaɗa ta fara. Sannan ya bar filin da mutum biyu ko uku za su iya jerawa su wuce ta gabansa ba tare da sun shiga hannun motocin da ke gittawa ba.

Na tsaya kafin layi a alamar STOP, amma katanga ko shago ko motar da aka ajiye ta kare mini titi. Yaya zan yi?

Za ka tsaya sau biyu. Tsayuwar farko a layi ce, kuma ita ce doka ta nema, ita ce kuma take kare mai tafiya a ƙasa da mai keke da ke bin gefen titi. Bayan ka tabbatar babu kowa a gabanka, sai ka matsa sannu a hankali, ƙafarka tana kan birki, har zuwa inda idonka ya buɗe ka ga titin sosai, sai ka sake tsayawa ka duba. Matsawar sannu tana ba masu tahowa damar ganin hancin motarka tun kafin ka shiga hannunsu.

Tun daga watan Afrilu na 1972, lokacin da Nijeriya ta bar tuƙin hannun hagu ta koma na dama, hannun da ya fi kusa da mai fitowa daga ƙaramin titi shi ne na motocin da ke tahowa daga hagu. Don haka ake fara duba hagu, sannan dama, sannan a sake duba hagu kafin a saki birki. Duba dama yana da muhimmanci ko da a titin da aka raba biyu ne, saboda masu babur da adaidaita da ke saɓa hannu, waɗanda sukan fito ta inda doka ba ta ce a sa ran ganinsu ba.

Wannan tsayuwa biyu ta alamar STOP ce kawai. A danja babu matsawa gaba domin leƙe, ana jira ne a layi har kore ya kama.

Dole ne a tsaya cak a alamar STOP ko da titi ba kowa? Daƙiƙa nawa ake tsayawa?

Dole ne tayoyi su daina juyawa gaba ɗaya. Rage gudu da sa giya ta biyu a silale a wuce ba tsayawa ba ne, ko da tsakar dare ne. Ana kafa wannan alama ne a wuraren da aka lura cewa kallo ɗaya cikin tafiya ba ya isa, ko saboda kwana ko gini ya rufe gani, ko saboda gudun motocin babban titi. Ido kuma ya fi iya auna gudun abin da ke tahowa idan mai kallon a tsaye yake. Doka ba ta yanka adadin daƙiƙoƙi ba, ma'aunin shi ne motar ta tsaya kuma direba ya gama dubawa.

Akwai kuskure guda da ya zama ruwan dare. Idan motoci sun jeru, ta gaba ta tsaya a layi sannan ta wuce, sai ta biyu da ta uku su bi ta a guje saboda suna ganin ai sun riga sun tsaya a bayanta. Kowace mota tana da tata tsayuwar a layi, domin damar da ta gaba ta samu wataƙila ta mota ɗaya ce kacal.

Mene ne bambancinta da alamar ba da hanya?

Alamar ba da hanya mai kusurwa 3 ce, tsininta yana kallon ƙasa, da jan baki, kuma layin da ke tare da ita a kwalta yankakke ne. A nan ba dole ba ne a tsaya idan hanya a buɗe take, amma dole a rage gudu a zo da shirin tsayawa, kuma idan tsayuwar ta kama, kafin yankakken layin ake yin ta. Ita ake samu a bakin shataletale, inda mai shiga yake jiran waɗanda suka riga shi shiga, masu zuwa daga hagunsa.

Me ya sa alamar STOP take da siffar da babu wata alama mai irinta?

Domin a gane ta ko da ƙura ta rufe rubutun, ko rana ta kashe launin, ko direban bai iya karatun boko ba. Haka kuma wanda yake kan babban titi zai iya gane ta daga bayanta, ya san cewa masu fitowa ta wancan titin su ne aka ce su jira. A birnin Detroit na Amurka aka fara kafa irin wannan alama a 1915, kuma ta daɗe tana da launin rawaya kafin a mayar da ita ja a 1954. Yarjejeniyar alamomin hanya da aka ƙulla a birnin Biyana a 1968 ta taimaka wajen yaɗa ta a duniya, shi ya sa direban da ya tashi daga Katsina ya bi ta Jibiya zuwa Maraɗi zai tarar da ita yadda ya san ta.

Rawaya ta kama ina dab da layi. In tsaya ko in wuce?

Rawaya umarnin tsayawa ce. Uzuri ɗaya ne ƙa'ida ta amince da shi, wato idan ta kama bayan direba ya riga ya ƙetare layi, ko ya yi kusa da shi ta yadda taka birki da ƙarfi zai iya jawo haɗari, musamman idan wata mota tana biye da shi kurkusa. Abin da aka saba gani na danna totur da zarar rawaya ta bayyana juya ma'anarta ne gaba ɗaya, kuma shi ne yake haɗa mai ƙoƙarin kuɓuce wa ja da mai gaggawar tashi a ɗaya titin, su yi karo a tsakiyar mahaɗa. Irin wannan karo ta gefe yake zuwa, inda babu abin da ya raba fasinja da motar da ta buge shi sai ƙofa.

Lissafi kaɗan zai nuna dalilin da ya sa matsalar rawaya ta gudu ce tun asali. Iyakar gudu a cikin gari kilomita 50 ce a awa ɗaya, kuma motar da ke wannan gudu tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Kafin ido ya gani ƙafa ta koma kan birki, kimanin daƙiƙa 1 ta wuce, mita 14 ke nan. Birkin kansa a busasshiyar kwalta da taya mai kyau yana buƙatar kusan wasu mita 14, jimla mita 28. Wanda yake gudun kilomita 80 kuwa yana buƙatar kusan mita 58, fiye da ninki biyu, domin nisan birki ba ya ƙaruwa daidai da gudu, idan gudu ya ninka sau 2 shi sau 4 yake ninkawa. Ruwan farkon damina da ke haɗuwa da mai da ƙura a kan kwalta, da yashin da iska take tarawa a bakin mahaɗa, da suɗaɗɗiyar taya, da lodi mai nauyi, duk suna ƙara wannan nisa.

Saboda haka shawarar tsayawa ko wucewa tun daga nesa ake yanke ta. Direban da ya hango kore tun yana can baya ya kamata ya ɗauka cewa ya kusa ƙarewa, ya ɗaga ƙafa daga totur, ya duba madubi ya san wanda ke bayansa, ta yadda idan rawaya ta kama ba za ta zo masa ba zato ba.

Wasu danjoji suna ƙirga daƙiƙoƙi. Zan iya fara tafiya idan saura 2 ko 3?

A'a. Ƙirgen na shiri ne, domin a sa giya a natsu, izinin tafiya kuwa kore ne kaɗai yake ba da shi. Daƙiƙoƙin ƙarshe na jar wutarka su ne lokacin da mahaɗa take kwashe ragowar motocin ɗaya titin, kuma su ne lokacin da mai gudun tsere da rawaya yake shigowa. Haka nan idan ja da rawaya suka kama tare, har yanzu tsayawa ake yi. Ko bayan kore ya kama, yana da kyau na sahun gaba ya kalli hagu da dama kafin ya tashi, ko da na baya suna ta danna hon.

Kore ya kama amma gaba a cushe take. In shiga?

Kada ka shiga. Kore yana nufin a tafi idan hanya a buɗe take, kuma wanda ba shi da tabbacin samun wurin da motarsa za ta fita gaba ɗaya a ɗaya gefen, wurin jiransa yana nan kafin layi. Idan ya shiga ya maƙale, ja za ta same shi a tsakiya, ya tare waɗanda aka ba hannu, su ma su tare wasu, sai mahaɗar ta kulle ta kowace fuska har sai jami'i ya zo ya warware ta da hannu. A wasu manyan mahaɗu ana zana raga da rawayan fenti a tsakiya domin tunatar da cewa ba a tsayawa a cikinta. Wanda ya jira zai sha hon, wataƙila har da baƙar magana, amma asarar da ya yi ta zagayen danja ɗaya ce, wadda ba ta kai ta kullewar mahaɗa ba.

Ana iya juyawa dama alhali ja ce a kunne?

A yawancin jihohin Amurka an yarda da hakan bayan an tsaya cak, kuma wasu da suka yi tuƙi a can ko suka gani a bidiyo suna ɗauka haka abin yake ko'ina. A nan ja tana tsayar da kowa, sai idan akwai koriyar kibiya da ke nuna dama, ko an ware wani ɗan hannu da ya kauce wa danjar. A wannan ɗan hannu ma ana ba masu tsallakawa da motocin babban titi hanya kafin a shiga.

Mai juyawa hagu kuma, idan kore ya ba shi dama amma yana jiran motocin da ke fuskantarsa su wuce, ya bar tayoyin gabansa a miƙe har sai zai tashi. Idan ya riga ya karya sitiyari sannan aka buge shi ta baya, kai tsaye za a tura shi cikin motocin da ke tahowa.

Wace tazara zan bari tsakanina da motar da ke gabana a layin jira?

Ka tsaya a inda kake ganin tayoyin bayanta suna taɓa kwalta, da ɗan fili kaɗan. Wannan tazara tana ba ka damar fita idan motar ta mutu a wurin, tana hana ka buge ta idan an tura ka ta baya, tana kuma kare ka idan ta gangaro baya wajen tashi, abin da yake yawan faruwa a hawan gada da motoci masu nauyin kaya. Bayan tifa ko tirela a ƙara tazarar, kuma a kan gangara a ja birkin hannu.

Babur da adaidaita sahu fa, su ma layin ya shafe su?

Ya shafe su kamar yadda ya shafi mota, kuma su ne suka fi cutuwa idan aka karya shi. Mai babur yana ganin shigewa gaba a matsayin hanyar kauce wa hayaƙi da samun tashi da wuri, amma abin yana kama da sahun salla, idan mutum ɗaya ya gota sai na kusa da shi ya bi shi, kafin a ankara sahun duka ya karkace. Mafi muni shi ne tsayawa dab da hancin babbar mota ko a gefen damarta, tsakaninta da bakin titi. Direban tirela yana zaune a sama ta hagu, waɗannan wurare biyu ba sa shiga idonsa, kuma idan zai juya dama tayoyin baya ta daidai nan suke bi. Wanda bai ga fuskar direban a madubin tirelar ba, ya tabbata direban ma bai gan shi ba.

Masu adaidaita da motocin haya suna da wani abu na daban da ya kamata su bari, wato ɗaukar fasinja da sauke shi a kan layin tsayawa ko dab da bayan mahaɗa. Fasinja ma yana da hannu a ciki, domin shi ne yake cewa a sauke shi a daidai danja.

Idan an ɗauke wuta ko danja ta lalace, wa ke da hannu?

Mutuwar danja ba kore ba ce ga kowa. Direba ya rage gudu sosai, ya zo layi da shirin tsayawa, ya bi duk wata alama da ke wurin, kuma mai fitowa daga ƙaramin titi ya jira na babba. Idan titunan daidai suke, mafi aminci shi ne a tsaya a layi a shiga bi da bi. A Jamhuriyar Nijar, wadda ta gaji tsarin tuƙinta daga Faransa, mahaɗar da babu alama a cikinta wanda ya fito daga dama ake ba hanya, kuma ya kamata masu zuwa Damagaram ko Birnin Ƙonni su riƙe wannan. Rawaya mai ƙyaftawa tana nufin a wuce da taka-tsantsan, ja mai ƙyaftawa kuwa ana ɗaukarta kamar alamar STOP.

Jami'i mai ba da hannu ya ce in wuce alhali ja ce. Wa zan bi?

Umarnin jami'in da aka ɗora wa aikin yana gaba da danja da allo da layi. Idan ya ɗaga hannu ya tsayar da kai, a layi za ka tsaya, ba a gaban ƙafarsa ba, sai idan shi ne ya nuna ka matso. Idan yana tsaye a tsakiyar mahaɗa kana kallon ƙirjinsa ko bayansa, hannunka a rufe yake.

Motar asibiti ko ta kashe gobara tana jiniya a bayana, ni kuma ina kan layi a jar wuta. Me zan yi?

Ka nemi hanyar buɗe mata ba tare da ka faɗa cikin mahaɗa ba. Sau da yawa matsawa kaɗan zuwa gefe ta isa, musamman idan kowa ya bar tazarar da aka ambata a baya. Kutsawa cikin motocin da aka ba kore tana iya haifar da haɗari na biyu a gaban motar da ke gaggawar kai mara lafiya. Idan akwai jami'i a wurin, a bi abin da ya nuna, kuma bayan motar ta wuce kada a bi bayanta a guje.

Da dare ina tsoron masu ƙwace. Dole ne in tsaya a danjar da ba kowa?

Tsoron yana da tushe, amma doka ba ta ware dare ba, kuma da dare ne motoci suka fi gudu a tituna. Abin da ya fi shi ne rage gudu tun daga nesa domin a iso layi kore ya kusa kamawa, a kulle ƙofofi, a ɗaga gilashi, a ajiye waya inda ba a ganinta, a kuma bar filin fita a gaba.

A mashigar layin dogo ina ake tsayawa?

Kafin layin da aka zana, ko kafin sandar shinge, kuma idan babu ko ɗaya, a tsaya da nisan mitoci da dama daga ƙarfen farko, domin jirgi ya fi ƙarfen da yake tafiya a kai faɗi. Ba a hawa kan dogo sai an ga filin da mota za ta sauka gaba ɗaya a ɗaya gefen, kuma ba a canza giya a kansa. Jirgin ƙasa yana buƙatar ɗaruruwan mitoci kafin ya tsaya, ba ya kuma iya kaucewa. A ranar 9 ga Maris, 2023, jirgi ya buge wata bas ta ma'aikatan gwamnatin Jihar Legas a mashigar dogo da ke yankin Ikeja, aƙalla mutum 6 suka rasu, da dama suka jikkata, kuma rahotanni sun nuna cewa masu ba da hannu a wurin sun riga sun tsayar da motoci.

Na taka birki amma na wuce layin. In koma baya?

Idan kaɗan ka wuce kuma ba ka tare kowa ba, ka zauna a inda kake. Idan ka hau zanen tsallakawa, ka duba madubi ka kuma waiwaya, domin wataƙila babur ya riga ya cike bayanka ko wani ya fara ratsawa ta nan. Idan fili yana nan, sai ka ja baya a hankali. Wuce layi bisa kuskure ba ya zama dalilin ƙarasa ƙetare mahaɗar a kan ja.

Su wa ke da hurumin hukunta wanda ya karya wannan ƙa'ida?

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana lissafa saɓa wa danja da alamar hanya cikin laifukan da ake cin tara a kansu, tare da rubuta wa mai lasisi makin laifi. Jihohi kuma suna da nasu hukumomin da nasu dokokin, kamar KAROTA a Kano, KASTLEA a Kaduna da LASTMA a Legas, ga kuma 'yan sanda masu kula da zirga-zirga. Adadin tarar ya bambanta daga jiha zuwa jiha, kuma Legas tana amfani da kyamarori masu karanta lambar mota, ta yadda sanarwar tara za ta iya iske mai mota ko da babu wanda ya tsayar da shi a hanya. Wanda aka kama ya nemi a rubuta masa takardar laifin, ya biya ta hanyar da hukuma ta tanada, ya karɓi rasit. Idan haɗari ya auku a mahaɗa, lambar gaggawa ta FRSC ita ce 122.